Sunan da Na Saki a Bab Makka

Ku da kuke ɗaukar hoton kaya da waya ku ɗora, kafin la'asar mai babur ya kai wa mai saye, na san abin da kuke faɗa in kun wuce ta gaban shagona a kasuwar Bab Makka ta Jidda. Wai sayar da filas ɗin shayi ai ba sana'a ba ce: kwali ya zo, ka buɗe, ka miƙa. Shekara arba'in da ɗoriya ina wannan miƙawar, kuma sau biyu ta kusa tashina daga kasuwa. Na farko hannuna ne ya jawo, na biyu bakina. Ku saurara in ba ku duka biyun, don igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Aikin farko da maigidana Ammu Sale ya ba ni shi ne saurare. Shi Bahaushe ne haifaffen Makka, kakansa da ƙafa ya zo aikin hajji bai koma ba, kamar nawa kakan. Ranar da aka kai ni wurinsa bai tambaye ni ko na iya lissafi ba. Ya cire murfin wani filas, ya kara mini bakinsa a kunne, ya ce me na ji. Na ce ban ji komai ba. Ya murɗe ɗaya kunnen, ya ce in sake ji. Sai na ji wani siririn gunji, kamar iska a cikin rijiya. Ya ce to wannan shi ne lafiyayye. Kwalbar da ke ciki biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu an liƙe ƙofar da wani ɗan tsinin gilashi a gindi, wanda muke kira cibiya. Muddin cibiya na nan, shayin asuba zai ƙona maka harshe da la'asar. In ta tsage, ko da tsagar ba ta kai silin gashi ba, iska za ta riƙa sulalewa ciki a hankali, filas ya zama bebe, shayi ya zama ruwan wanke kofi.

Kayan aikinmu ba su da yawa: sukudireba ɗaya ta kwance gindi, fitilar hannu ta leƙa cibiya, tsumma, da gwangwanin madara cike da zobban roba. Sauran duk kunne ne. Dokokin Ammu Sale kuwa uku ne, har ya rasu bai ƙara ba bai rage ba. Ba a kwantar da kwalin filas. Ba a ɗora masa komai a kai. Ba a miƙa wa mutum filas sai an saurare shi.

Masu saye kuma karatu ne daban. Matan Jidda ba ruwansu da cibiya, launin labulen ɗakin baƙinsu suke nema, mace za ta zo da ƙyallen labulen a jaka ta kara. Mutumin Yaman zai ɗauki guda ɗaya ya yi ciniki har a kira sallah, a rufe shago, a buɗe, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Likitocin Najeriya masu aiki a asibitocin nan takardar garanti suke tambaya, ni kuwa in nuna musu gemuna. Amma uwar kasuwa alhazai ne. Alhaji zai manta dabino, ba zai manta filas mai fure na uwargida ba, don shi ake ajiyewa a kan kabad duk wanda ya shigo ya san an je an dawo.

Kayan da nake sayarwa tun daga ranar da na tsaya da ƙafata har yau, na mutum ɗaya ne: Alhaji Yunus. Ɗan ƙasar Sin ne, Musulmi gaba da baya, daga can arewacin ƙasarsu. Tafinta ya zo yi wa wani kamfani, ya ga kasuwa, ya samu kafili, ɗan ƙasa mai tsaya masa, ya buɗe mustauda, wato ɗakin ajiyar kaya, a kudancin gari. Gajere ne, mai farar hula, da jakar samfuri a kafaɗa. Larabcinsa ya fi nawa tsabta, Hausa kuwa a bakin hajiyoyi ya tsince ta, shi ya sa ya fi ƙwarewa a gaisuwa da ciniki da zagi. Ya ba ni kayansa ni kaɗai a layinmu. Ku riƙe wannan: in Yunus ya ɗauke hannu, abin da zai rage a shagona ni ne da gwangwanin roba.

Shekarar da Ammu Sale ya bar mini shago, kayan hajji na farko da na ɗauko da kaina filas ne masu jan fure, manya, masu hannun ƙarfe. Na je mustauda da wanet ɗin aro, wato motar a-kori-kura. Kamata ya yi in yi sawu biyu, amma na ga mai motar yana duba agogo, ni kuma ina jin kaina sabon maigida. Na kwantar da kwalayen don su shiga, na ɗora kwalayen tire a kansu, na ɗaure da igiya na ja har sai da ta yi ƙara, muka bi ta wata hanya mai ramuka don kauce wa cunkoso. Doka biyu ke nan na karya kafin azahar. Ta ukun da la'asar ta tafi, don alhazai sun cika shagon har bakin titi, na ce wa kaina sabon kaya daga kwali me za a saurara a ciki.

Da jirginsu ya zo a kan lokaci da na tsira, sai dai a yi ta tsine mini daga nesa. To ba a zo kwasarsu ba. Suka zauna a masauki suna jira, suna dafa shayi a cikin tsarabar da ya kamata ta isa gida a kwali. Rana ta uku sai ga wata hajiya 'yar Kano, doguwa, da haƙorin Makka sabo fil, da mata kusan goma a bayanta kowace da jan fure a hannu. Ba ta yi hayaniya ba. Ta karɓi kofina, ta zuba daga filas ɗinta, ta miƙo.

"Ɗan nan, sha. In ka ce da zafi, mu juya."

Na kurɓa. Ko jariri za a iya ba shi. Layin duk ya taru, har masu sayar da atamfa sun bar rumfunansu. Na san sarai abin da ya faru, don igiyar tana nan rataye a bayana. Amma shagon sabo ne a hannuna, kuma ɗan kasuwar da aka ce ya sayar da fasasshe a shekararsa ta farko ya gama. Sai na buɗe hannu na ce, Hajiya, ni ma cutata aka yi, kayan mutanen can ne, su da kayansu duk 'yan kwana-uku ne.

Aka fashe da dariya, har hajiyar. Ba a gama ba sai ga Yunus ya ɓullo daga kwanar layin da jakarsa, bai san hawa ba bai san sauka ba. Wani mai sayar da carbi ya ɗaga murya ya ce ga Kwana-uku nan tafe. Shi ke nan, suna ya kama.

Yunus ya kwashe kayan da aka dawo da su, ya kawo mini wasu. Na yi sawu biyu, na saurari kowane ɗaya, na canza wa wanda na samu. Waɗanda suka riga suka tashi kuwa sun tafi da fasassun filas da sabon suna. Shekarar ban ga riba ba, rani guda ina cin ful, dafaffen waken nan, da burodi safe da rana, amma shago ya tsaya.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne suna ya fi kwalba saurin tafiya, kuma ba ya bukatar kwali. Kafin hajji mai zuwa duk ɗan Sin da ya ratsa Bab Makka Kwana-uku ne. Daga nan ya wuce kan 'yan Filifin masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da alhazan Indunusiya, da duk wanda idonsa ya yi kama da nasu, mutanen da ba su taɓa sayar wa kowa ko cokali ba. Yaran unguwa da ko Hausa ba sa haɗawa sun iya wannan kalmar. Na ji malamai a bakin shagona suna musu kan asalinta. Wani ya ce ai bizar kwana uku ake ba su a da. Wani ya rantse a ƙasarsu kwana uku ake zaman makoki. Ina zaune ina goge murfi, ina gyaɗa kai ga kowanne. Ni da aka kira Takaruni, sunan rainin da ake yi wa irinmu baƙar fata a nan, tun ina makarantar firamare, na san yadda irin wannan suna yake sauka a bayan wuya, amma kullum sai in ce gobe zan faɗi gaskiya.

Yunus kuwa kowace Talata bayan la'asar yana zuwa ya zauna a kan kujerar roba ta bakin shagona mu sha shayi. Wani lokaci a kira shi da sunan a gabana, ya yi kamar bai ji ba, ni ma in yi kamar ban ji ba. Sau ɗaya ya ce mini da zai san wanda ya fara, yana da tambaya guda da zai yi masa. Na ce Allah Ya tona asirinsa. Ya ce amin. Haka muka yi shekara talatin.

Ana nan sai alhazai suka fara kawo mini labarin cewa sunan ya shiga siyasa a gida. Wani ɗan takara a wata jiha ya hau mumbari ya ce abokin hamayyarsa ya sayar da garin ga 'yan Kwana-uku, don ya ba wani kamfanin Sin aikin titi. Shi ma wancan da zaɓe ya zagayo ya mayar masa, ya ce rijiyoyin burtsatsen da ya haƙa na 'yan Kwana-uku ne. Ni ɗan kasuwa ne, na gane abin da suka gani a ciki. Kaya ne da ba a biyan kuɗin dakonsa, jama'a na dariya, ba sai ka gina komai ba, kuma waɗanda ake zagin ba su da ƙuri'a. Da a shago ake sayar da irinsa da na yi oda.

Odar da ta fi kowace girma a rayuwata ranar wata Talata ta shigo, wata biyu kafin azumi. Mai ita wani ɗan majalisa ne da ya zo umra, ba zan faɗi jiharsa ba, mutanensa Onarabul suke ce masa. Ya sauka a wani gidan hutu a Abhur, can bakin teku, ya zo da mota biyu da mutum shida masu cewa haka ne ranka ya daɗe. Filas yake so masu yawan gaske, a buga hotonsa a jikin kowanne yana murmushi, a raba wa mata kafin zaɓe. Buga hoto a jikin filas kuwa sai masana'antar su Yunus, kuma ga Yunus nan zaune da kofinsa, taku biyu tsakaninsu.

Na jera masa samfuri. Ya ɗaga ɗaya ya juya gindinsa, ya ga rubutun ƙasar da aka ƙera, ya ajiye kamar ya taɓa wuta.

"Abu Maryam, kar ka haɗa ni da kayan 'yan Kwana-uku." Ya nuna Yunus da carbinsa. "Irin su wannan. Na Jamus nake so."

Mutanensa suka yi dariya. Na fara lallaɓa maganar, ina cewa ranka ya daɗe kaya ai kunne ke gane su ba rubutu ba. Bai saurare ni ba. Dariyar ta yi masa daɗi, sai ya gyara babbar riga ya juya ga mutanen layi da suka fara taruwa. Ya tambaye su ko sun san wanda ya raɗa wa mutanen nan wannan suna. Ya ce shi ne. A filin taro, gaban dubban jama'a, Allah Ya jefo masa kalmar a baki, daga nan ta bazu har ƙasa mai tsarki. Mutum shidan suka ce haka ne ranka ya daɗe, muna wurin.

To, ga abin da ba na so ku manta game da ɗan kasuwa. Zai iya haƙuri da zagi, zai iya haƙuri da asara, amma ba zai iya zama wani ya ɗauki kayansa ya liƙa masa tambarinsa ba. Shekara talatin ina ɓoye abin nan kamar cikin shege, amma da na ji wani yana ci da shi, ban san sa'ad da na miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, wannan kam ba haka ba ne. A nan aka haifi sunan nan, inda kake tsaye. Ni na faɗe shi, kana makaranta a lokacin. Ga mai carbi can, tambaye shi."

Mai carbin, ya tsufa ya rasa haƙora, ya ce wallahi Abu Maryam ne, shi dai amshi ya yi.

Na juyo da fuskar wanda ya ci gardama, sai idona ya faɗa kan kujerar roba. Yunus ya shanye sauran shayinsa, ya kife kofin a kan tire, ya miƙe ya saɓa jakarsa. Da Hausar hajiyoyinsa ya yi magana, a hankali.

"Madalla. Yau na ga mai kaya."

Ya tafi. Onarabul ya tambayi na kusa da shi ko da ma suna jin Hausa. Shi ma bai daɗe ba, ya ce ba a taɓa ƙaryata shi gaban jama'a ba, ya kwashi mutanensa. Na ji daga baya ya samu na Jamus ɗinsa a wani shago mai gilashi a unguwar Bagdadiyya, ya biya ninki uku. Na ga guda ɗaya a hannun wani alhaji, na kwance gindin na leƙa. Daga cibiya har zoben roba, masana'antar su Yunus ce. Kaya masu kyau, sun fi kujerarsa daɗewa.

Talata ta zagayo kujerar roba ba kowa. Na kira waya ba a ɗauka ba. Kayan azumi, waɗanda rabin cinikin shekara ke kansu, ba su zo ba. Na je mustauda aka ce ya fita, na koma aka ce yana sallah, na jira har sallar ta zarce ta tarawihi tsawo. Kantocina suka fara nuna katako. Na gwada kayan wani dillali, na saurari kwali guda na samu bebaye huɗu, na mayar. Matata Uwar Maryam ta ce in da bakin da na yi gardama da shi na je na ba da haƙuri, da yanzu an wuce wurin. Na ce ai na je. Ta ce zuwa na yi neman kaya, ba haƙuri ba, kuma mutumin ba yaro ba ne.

Zuwa na uku ban ɗauki mota ba, don kar a ce lodi na zo yi. Ya bar ni na shiga ofishinsa. A kan teburin akwai filas mai jan fure, mai hannun ƙarfe, furen ya koɗe ya koma ruwan hoda. Ya zuba mini, na kurɓa, sai da na hura.

Ya ce daga kayan waccan shekarar ne, cikin kwalin da bai hau wanet ɗina ba. Ya ce tun ranar da ya kwashe fasassun ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya ga duk cibiyoyin ta gefe guda suka tsage, ga kuma sawun igiya a jikin kwalayen. Bai faɗa ba don ya ga yaro ne da sabon shago, kuma wanda ya yi irin wannan kuskure sau ɗaya ba ya sakewa. Na ce to ya yi mini tambayar da ya ce yana da ita.

"Ta wuce," in ji shi. "Da zan tambayi mutumin me na yi masa. Yanzu na san amsar: kaya na canza masa."

Na ba da haƙuri yadda ya kamata, ba zan tsawaita muku ba. Ya ce na kwalba ya yafe tun kafin gemuna ya yi fari. Na suna kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai da zai yafe. Ya ce 'yarsa tana da shekara tara aka bi ta da shi a kasuwa, ta dawo gida ta tambaye shi ko kwana uku ya rage musu a garin. Yanzu ita ce ke da 'ya'ya, su ma an fara. Ya ce in ina so in nemi yafiya sai in bi ma'aikatan jinya da masu gyaran wuta da alhazan ƙasashe biyar ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙafafuna ba za su kai ba.

Sai ya tura mini filas ɗin. Sharaɗinsa guda ne. Filas ɗin zai zauna a shagona, cike, kullum. Duk wanda ya furta sunan a gabana, in zaunar da shi, in zuba masa daga ciki, in ba shi labarin wanet da igiya da hajiya mai haƙorin Makka, da bakina, ba ragi. Na ce in mutumin yana sauri fa. Ya ce ni ma sauri nake yi ranar.

Kayan azumi suka iso saura kwana tara, a tsaye, sawu biyu.

Yau shekara shida ke nan. Sunan bai mutu ba, kar in yi muku ƙarya. Numfashi ɗaya na yi na sake shi, ga shi ina bin sa da kofi-kofi, kuma can gida na ji wani sabon ɗan takara ya ɗauka. Amma daga kwanar masu atamfa zuwa rumfar mai carbi ba mai faɗarsa. Wasu kunya ce ta hana su. Mafi yawa tsoron labarin ne, don wanda ya ji sau ɗaya ba ya son na biyu. Ranar Talata kuwa Yunus na zaune a gefe yana gyara mini in na tsallake wurin igiya.

Saboda haka in kun zo koyon sana'ar, ku zo da kunne, ku bar baki a gida. Wanda kuma ya kuskura ya faɗi sunan nan a bakin shagona, ya sani filas ɗin kofi goma sha biyu yake ci, har yanzu yana riƙe zafi, kuma ba na tashin mutum sai ya ƙare.